Bohol ɗin haɗaka: a rubuta tun ana dariya da juna

Wata Asabar da safe uwargida ta murɗa famfon tsakar gida, iska kawai ya huro. Mun ɗauka samo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin bohol, shi ne ya sake ƙonewa ko kuma ba a samu man tada janareta ba, abun da aka saba gani dai. Sai wajen azahar yarona ya shigo da gudu yana cewa Baba ai an yanke fayif ɗinmu daga gidan marigayi, har an toshe ramin katangar. Na zura takalmi na je na gani da idona, simintin ko bushewa bai yi ba.

Bari na ɗan koma baya saboda wanda ba ɗan Gombe ba. Mu ta wajen Tumfure muke zaune, kuma duk wanda ya san garin nan ya san da zarar ka hauro tudu ta yamma ruwa ya yi nisa a ƙasa, rijiyar guga irin wadda muka tashi muna gani a cikin gari ba ta yiwuwa a nan, sai dai mota ta zo ta huda ƙasa ta yi ta nutsawa, kuɗin kuwa a miliyoyi ake maganarsa. Ruwan Dadin Kowa da aka jawo gari zamanin mulkin Goje ya taimaka ƙwarai, ba mai musun wannan, amma garin da ya zama babban birnin jiha a 1996 bai daina faɗaɗa ba, ga 'yan'uwanmu da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe da Adamawa suka zo suka zauna, unguwanni suka yi ta tsirowa gaba da inda bututu ya tsaya. Toh mu muna cikin waɗanda ke gaba da bututun. Tanka da 'yan kura muka dogara da su shekara da shekaru har muka gaji, sai gida biyar a layinmu muka zauna muka ce a yi karo-karo a haƙa bohol ɗaya kowa ya ja.

Masu awon ruwa suka zo da na'urarsu suka zagaya, suka ce inda ya fi alama shi ne cikin gidan wani dattijo da muke kira Baba a ƙarshen layi. Allah ya jiƙansa da rahama, ko gardama bai yi ba, cewa ya yi ƙasa ai ta Allah ce ku haƙa. Kowa ya kawo kasonsa, shi ma ya kawo nasa, aka haƙa, aka ɗora tanki, aka ja fayif zuwa sauran gidaje huɗun. A wurin zaman nan wani matashi a cikinmu ya ce ko za a ɗan rubuta takarda a ajiye, sai aka yi masa caa, wai kai wane irin yaro ne, Baba za ka ce ya sa hannu kamar ba a yarda da shi ba? Ina wurin kuma na yi shiru, don ni ma a lokacin rashin kunya na ɗauki maganar.

Shekara shida muna shan ruwan nan lafiya lau. Baba ya rasu, magada suna da yawa gidan kuma ba zai rabu ba, aka sayar aka raba kuɗi. Wanda ya saya bai yi wata biyu da tarewa ba ya yanke mu, ya fito da famfo ta waje ya fara sayar wa 'yan kura.

Muka kai ƙara wurin mai unguwa. Mutumin ya zo, bai ɗaga murya ba, ya durƙusa ya gaida mai unguwa ya ce ranka ya daɗe ni gida na saya da duk abun da ke cikinsa, dillali da bakinsa ya ce min akwai bohol kuma saboda bohol ɗin na ƙara kuɗi a kan abun da na taya da farko, ba wanda ya ce min na mutum biyar ne, in suna da takarda su kawo yanzu na buɗe musu. Mai unguwa ya juyo ya dube mu. Ba mu da ko rasit, don rasit ɗin masu haƙa da sunan Baba aka rubuta tunda a gidansa aka yi aikin.

Na yi watanni ina jin haushin mutumin nan, har yau kuma ina ganin da ya tausaya da ya fi masa, fayif huɗu da suka ratsa katanga ai ba ɓoyayyu ba ne, ya kamata ya tambaya ina suka nufa kafin ya biya kuɗi. Amma gaskiya ɗaya ce, ba ƙarya ya yi ba. An sayar masa da abun da ba na mai sayarwa ba ne shi kaɗai, kuma mu da muke da haƙƙi a ciki ba mu bar wata alama da baƙo zai gani ya sani ba. Abun da ya sa nake wannan rubutun kenan, don na san a Gombe yanzu haka akwai layuka da yawa da suke kan irin tsarin da muka yi, suna shan ruwa cikin kwanciyar hankali saboda mai gidan da bohol ɗin yake yana raye kuma mutumin kirki ne. Haƙƙin da ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya yana tafiya ranar da aka ɗauki makararsa, ko ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Abuja ya sa gidan a kasuwa.

Mun je wurin lauya, ƙanin wani abokina ne, ya saurare mu tsaf sannan ya ce shari'ar nan za ta ba mu wuya. A tsarin dokar da muka gada daga Turawan Ingila abun da aka kafa a ƙasa yana bin ƙasar ne, wanda yake riƙe da fili shi ke riƙe da abun da ke dashe a ciki sai in akwai yarjejeniyar da ta nuna ba haka ba. Ya ce maganar fayif ɗin da ake gani ita ce 'yar madafar da muke da ita, amma mu shirya zirga-zirgar kotu ta shekaru, kuma abun da ya fi kusa shi ne mu bi magada su maido mana kasonmu daga kuɗin da suka karɓa. Toh kuɗin da aka raba tsakanin mutum goma sha wani abu, har da marayu ƙanana, wa za ka bi? Kuma ko an ba ka abun da ka zuba shekara shida baya, yau ko rabin ramin ba zai haƙa ba.

Dokokin ƙasa ma in ka duba duk da mai fili suke magana. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abun da ni da kai muke riƙe da shi izinin zama ne a kan fili. Dokar albarkatun ruwa ta 1993 kuma ta ce wanda yake da wannan izinin, na takardar gwamnati ne ko na gargajiya, yana iya ɗibar ruwan ƙarƙashin ƙasa kyauta don amfanin gida da shayar da dabbobi da ɗan noman raninsa. Wanda ya zuba kuɗi a ramin da ke cikin filin wani kuwa, shi zai nemo hujjarsa da kansa.

Na ce toh bari na koma zaure, wataƙila fiƙihu ya fi tausaya mana. Na samu malaminmu bayan la'asar na ce Allah ya gafarta malam ga halin da muke ciki. Ya ce a Risala wanda yake da rijiya ko idon ruwa a cikin filinsa yana da ikon hana wani, sai in rijiyar maƙwabcinsa ta rushe alhali yana da shukar da yake tsoron ta mutu, nan ne ba zai hana shi rarar ruwa ba. Na ce to shuf'a fa, wato haƙƙin a fara ba ka damar saye kafin bare, da an tuntuɓe mu ai da mun haɗa kuɗi mun sayi gidan. Ya ce a mazhabarmu maƙwabci ba shi da shuf'a, haka ma ba shuf'a a rijiya idan filayen a rabe suke. Amma ya ce in har kun tabbatar da karo-karon nan to bohol ɗin tarayya ce, kason marigayi ɗaya ne cikin biyar kuma magada ba su da ikon sayar da abun da ba nasa ba. Na ji daɗi har na gyara zama, sai ya ce su wa za su yi shaida? Na fara lissafa waɗanda suka halarci zaman, ya ce duk waɗannan ai masu kaso ne, kuma ba a karɓar shaidar wanda yake jawo wa kansa amfani da ita. Sannan ya ce min wani abu da har yau yake damuna, ya ce ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba, kuma sahabbai aka fara gaya wa, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Ku kuma kun zuba miliyoyi kun ce kunya ta hana ku.

Wannan kunyar ita nake so mu duba da kyau. Muna ɗauka cewa neman takarda zargi ne, alhali takardar nan ba don Baba ake rubuta ta ba, Baba bai taɓa hana mu ruwa ba ko na yini ɗaya. Don ɗansa ne da yake karatu a wani gari lokacin da aka yi aikin, don matar da za a aura bayan shekara goma ta tarar da tanki a tsakar gida ta ɗauka na mijinta ne, don baƙon da zai saya. Kuma shi kansa marigayin takardar kariya ce gare shi, don yanzu an raba gado da haƙƙin mutane a ciki kuma na tabbata da yana da ikon magana ba zai yarda ba. Fili muna rubutawa, har mai unguwa ya sa hannu da shaidu, babur ɗin hannu ma sai an yi takardar ciniki, amma ruwan da ba a yini ba shi sai mu bar shi a fatar baki.

Kuma ba rubutu kawai ba, don takardar da ta ce wane da wane sun yarda ita ma mutuwa take yi da masu ita. Dole ta ce gida kaza da gida kaza, fuloti mai lamba kaza, ko wa ya shiga gidan ta gado ko ta saye ko ta kyauta ya shiga da haƙƙin kuma ya shiga da nauyin. Ta faɗi cewa ɗan wurin da ramin yake da hanyar da fayif ya bi ba a ginewa ba a toshewa, kuma mai gyara yana da izinin shiga in an yi sallama. Inda aka fi samun rigima ma tun kafin a kai ga mutuwa shi ne kuɗin gyara da na mai, musamman tun da aka cire tallafin mai a 2023 tada janareta ya zama aiki. Gida mai mutum biyar da gidan da aka cika da 'yan haya ɗaki takwas a ce su biya daidai, wannan ba adalci ba ne kuma shi ke sa mutane su fara noƙewa, samo ya ƙone a yi sati uku ana kallon juna mata da yara suna yawo da jarka. A rubuta yadda za a raba, ko da yawan mutane ko a sa wa kowane gida mita, a rubuta wa ke riƙe da asusu, me za a yi wa wanda ya ƙi biya wata uku, da kuma ko an yarda a sayar wa 'yan kura, in an yarda kuɗin ina zai shiga. Wannan na ƙarshen kada a raina shi, don ranar da mai gida ya gane bohol yana kawo kuɗi kullum ranar zumunci yake fara tsami.

Sai kuma inda za a ajiye ta. Takardar da ke ƙarƙashin katifa gobara ɗaya ko gara ta gama da ita, kuma mai saye ba zai taɓa ganinta ba. A Amurka, a karkarar da gidaje suke haɗa rijiya ɗaya, ana kai yarjejeniyar ne ofishin rajistar filaye a haɗa ta da takardar gidan, duk wanda ya zo saye zai tarar da ita, masu ba da bashin sayen gida ma suna neman su gan ta. Mu ma yanzu a Gombe muna da GOGIS, hukumar jiha mai kula da rajistar filaye, an mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, ban ga abun da zai hana a buɗe wani gurbi a fayil ɗin kowane fuloti da zai nuna cewa akwai ruwan haɗaka a nan ba, da fom mai shafi ɗaya da Hausa wanda mutum zai cike ba sai ya ɗauki lauya ba, da kuɗi kaɗan. Kafin a kai can kuwa, tunda gidaje da yawa a bayan gari takardar mai unguwa kawai gare su, masu unguwanni da dagatai su riƙa ajiye kwafi, kuma kada su sa hannu a cinikin gidan da ke da bohol sai sun tambayi mai sayarwa a gaban shaidu, naka ne kai kaɗai ko akwai masu kaso? Tambayar nan guda ɗaya da an yi ta da ba a kai mu inda muke ba. Dillalai ma su ji tsoron Allah, wanda ya yi cinikin gidan Baba ɗan unguwa ne, ya sha ruwan nan.

Na san wasu da sun ji an ambaci gwamnati a maganar bohol gabansu zai faɗi, kuma suna da dalili. Ƙudirin dokar ruwa na ƙasa da aka yi ta kaiwa majalisa, ya faɗi a 2018 aka sake dawo da shi a 2020, abun da ya tada hankalin mutane a kansa har da tsoron cewa Abuja za ta mallake ruwan kowa a koma neman lasisi da biyan kuɗi. Ni ba wannan nake nema ba. Mutumin da ba a kai masa famfo ba ya tara guminsa ya haƙa, ba daidai ba ne a zo masa da haraji. Rajista nake nema, ta son rai, wadda za ta kare shi daga maƙwabcin gobe.

Akwai kuma abun da takarda ba za ta taɓa shafewa ba, kuma ina so masu bohol su ji shi, har da mu in Allah ya sa mun samu. Haƙƙin jan fayif daban, haƙƙin mai ƙishi daban. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutane suna tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan wanda yake da rarar ruwa ya hana matafiyi. Sayyidina Usman rijiyar Ruma ya saya a Madina da kuɗinsa ya mayar da ita wakafi, gugansa kamar gugan kowa. Ba na cewa kada mai bohol ya karɓi kuɗin mai da na gyara, ya kashe kuɗi kuma injin ba da iska yake aiki ba. Amma tsohuwar da ta zo da bokiti ɗaya, ko almajiri da robarsa, ko gidan da aka yi rasuwa ana neman ruwan wanka, a ce sai sun biya, wallahi wannan rijiya ta bayar ne guga ya hana. Irin wannan ma a sa shi a yarjejeniyar, famfo ɗaya a waje na sadaka, ko awa ɗaya ne da safe.

A cikin gari kuma inda rijiyar guga take yiwuwa matsalar wata ce daban amma tushenta ɗaya. Fuloti ƙafa 50 ne a 100, masana lafiya kuma suna so a bar kamar mita 30 tsakanin masai da rijiya, wanda shi ne kusan tsawon fulotin gaba ɗaya. Kai ka haƙa rijiyarka a bayan gida, maƙwabci ya zo ya haƙa sokawe ɗinsa jikin katanga ta ɗaya ɓangaren yana cewa ai cikin filinsa yake, damina ta sauka yara su fara amai da gudawa. Mun ga abun da kwalara ta yi a 2021, Bauchi maƙwabciyarmu tana cikin jihohin da suka fi jin jiki. Ko kuma mai hali ya zo ya huda bohol kusa da rijiyar talaka ya yi ta zuƙa dare da rana yana sayarwa har rijiyar ta ƙafe. A Ingila an taɓa yin irin wannan shari'ar a 1895, tsakanin hukumar garin Bradford da wani mai fili da ake kira Pickles, kotun ƙoli ta lokacin ta ce yana da ikon janye ruwan ƙarƙashin filinsa ko da da mugun nufi ya yi. Fiƙihunmu bai tafi a haka ba, ƙa'idar ba cuta ba cutarwa ta hana ka haƙa abun da zai cutar da maƙwabci ko da a cikin mallakarka ne. A nan kam ni ina tare da fiƙihu ɗari bisa ɗari, kuma ina ganin masu ba da izinin gini ya kamata su riƙa duba inda masai zai zauna da inda ruwan maƙwabci yake kafin su buga hatimi.

Mu dai a layinmu mun haƙura da kotu. Yau shekara biyu muna sayen ruwan bohol ɗin da muka haƙa da kuɗinmu, jarka-jarka, daga hannun 'yan kura. Bana mun sake zama mu huɗun da suka rage za mu haƙa wani, wannan karon da sola, kuma awo ya nuna gidana ne. Ni na fara cewa a rubuta, kuma matashin nan da aka yi wa caa shi muka ba ya tsara takardar, da Hausa, shafi biyu, da lambar kowane fuloti, aka samo shaidu biyu daga wani layin waɗanda ba su da kaso, limamin masallacinmu ya karanta ya gyara wuri ɗaya. Na kira manyan 'ya'yana biyu na sa su ma sun karanta a gabana. Mutum uku mun sa hannu. Na huɗun, wanda muka fi shekara goma sha biyar muna sahu ɗaya a masallaci, ya ce shi abun ya yi masa nauyi, yaya za a yi ya nemi takarda a wurina kamar bai yarda da ni ba. Na ce masa Alhaji ni ma haka na ce a kan Baba. Takardar tana wurin mai unguwa tun ranar Juma'a da gurbinsa a buɗe, kuma mun gaya wa masu motar haƙa kada su shigo layin sai ya sa hannu.